Motar da Aka Ce Tana Shan Ruwa: Shari'ar Stanley Meyer da Kwalaben da Suka Gaje Shi

A shekarar 1996 wata kotu a jihar Ohio ta Amurka ta saurari ƙarar da wasu mutum biyu suka kai Stanley Meyer, mazaunin garin Grove City da ke gefen birnin Columbus. Kuɗi suka zuba masa domin su zama dillalan wata na'ura da ya ce ya ƙirƙiro, wadda za ta sa mota ta yi tafiya da ruwa maimakon fetur. Masana uku ne suka duba na'urar suka ba da shaida a gaban kotu, kuma bakinsu ya zo ɗaya: babu wani sabon abu a cikinta, raba ruwa ne da wutar lantarki, irin wanda aka sani tun da daɗewa. Kotu ta yanke cewa Meyer ya tafka mummunar zamba, ta umarce shi ya mayar wa mutanen dala 25,000 da suka ba shi.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da manyan shari'o'in zamba na Amurka. Abin da ya sa shari'ar ta cancanci a tsaya a kanta shi ne, hukuncin bai kashe maganar ba. Har yau ana sayar wa direbobi kwalabe da gwangwanaye masu tiyo da waya, a ce a ɗaura a gaban mota a zuba ruwa, shan mai zai ragu da kashi 30 ko 50 cikin 100. Kuma in ka bi salsalar tallar, sau da yawa za ka tarar da sunan Meyer a ƙarshenta.

An haifi Meyer a 1940. Yana cikin shekarunsa na talatin da 'yan kai lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka tsuke wa Amurka bakin famfo a watan Oktoba na 1973. Cikin 'yan watanni farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, Amurkawa suka ɗanɗana layin gidan mai. A wannan yanayi duk wanda ya ce ya samo hanyar rabuwa da fetur yana da masu sauraro tun kafin ya buɗe baki. Meyer ya zo da wata ƙaramar mota buɗaɗɗiya, irin wadda ake wasa da ita cikin rairayi, ya nuna wa 'yan jarida, har wani gidan talabijin na Ohio ya ɗauke ta. Ya ce galan 22 na ruwa, wato kusan lita 83, za su kai ta daga Los Angeles zuwa New York. Tafiya ce ta kusan kilomita 4,500, kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas sau huɗu da ɗoriya.

Bayanin da ya bayar shi ne na'urarsa tana kaɗa ƙwayoyin ruwa da wani irin bugun lantarki na musamman har su rabu zuwa haidurojin da oksijin, ba tare da cin wuta mai yawa ba kamar yadda hanyar da aka saba take ci. Ya kuma ce ya cire fulogogin injin ya sa wasu na'urorin fesawa nasa a madadinsu. Ya samu takardun mallakar fasaha da dama daga ofishin gwamnatin Amurka, ciki har da wadda aka ba shi a 1990 kan hanyar samar da iskar ƙonawa. Waɗannan takardu sun yi masa aiki sosai wajen jawo masu zuba jari, domin mutane da yawa suna ɗaukar cewa gwamnati ba za ta buga hatimi a kan abin da ba ya aiki ba. Alhali a mafi yawan lokuta ofishin takarda yake karantawa, ya duba ko wani ya riga ya yi rajistar irin wannan dabara. Ba ya cewa a kawo mota ya zuba mata ruwa ya tuƙa.

Ranar da aka nemi ganin motar

Wurin da na fi tsayawa a cikin wannan shari'a shi ne batun Michael Laughton, farfesan injiniyan lantarki a kwalejin Queen Mary ta Jami'ar Landan. An shirya zai duba motar kanta a matsayin masani mai ba da shaida. Da ranakun gwajin suka zo sai Meyer ya kawo uzuri, wanda Laughton ya bayyana a matsayin mara tushe, gwajin bai yiwu ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana nuna motarsa a gaban kyamara ya samu dama mafi girma a rayuwarsa, kotu tana jira, masani yana jira, amma ya ja da baya. Da motar tana yin abin da ya ce, rabin yini ya isa: a tsiyaye duk wani tanki, a duba ko akwai ɓoyayyen batir, a zuba ruwa, a tuƙa har sai ta tsaya, a karanta kilomita. Da ya ci shari'ar a take, kuma da kamfanonin mota na duniya sun yi layi a ƙofarsa kafin mako ya zagayo.

Na'urar da ya yarda aka duba kuwa, ita ce masanan suka ce raba ruwa ne na gargajiya. Wannan aiki William Nicholson da Anthony Carlisle sun yi shi a Landan tun a 1800, sannan a shekarun 1830 Michael Faraday ya fitar da ƙa'idar da ke faɗin iska nawa za a samu daga lantarki nawa. Ana tsoma ƙarfe biyu cikin ruwa, a sa musu wuta, kumfa ta fara tashi, haidurojin a gefe ɗaya, oksijin a ɗaya gefen. Kumfar gaskiya ce, kuma in an kusanto da ashana tana fashewa da ƙara. Wannan ne ke ruɗin mai kallo, domin ya gani da idonsa ruwa ya ba da wuta.

Abin da ido ba ya gani shi ne lissafin ƙarfin. Idan haidurojin ya ƙone, wato ya haɗu da oksijin, abin da ke fitowa shi ne ruwa. Ke nan ruwa tokar haidurojin ce, abin da ya saura bayan wuta ta gama ci. Kafin a mayar da shi iskar da za ta sake ƙonewa, dole a biya duk ƙarfin da ya fita lokacin ƙonewar farko, ba ragi. A lita 9 na ruwa akwai kilo ɗaya na haidurojin. Fitar da wannan kilo ɗaya yana buƙatar aƙalla yunit 39 na lantarki, irin yunit ɗin da ake saye a mita, kuma manyan masana'antu masu kayan aiki na zamani sukan kashe 50 zuwa 55. Idan aka ƙona kilon, ba zai taɓa mayar da fiye da 39 ɗin ba. Babu irin bugun lantarki ko kaɗawa da ke sauya wannan adadi, domin yana cikin ginin ƙwayar ruwan kanta.

Za a iya ma yi wa Meyer rangwame a ce raba ruwan kyauta ne, bai ci ko sisin wuta ba. Lita 83 ɗinsa suna ɗauke da haidurojin kusan kilo 9, kuma ƙarfin kilo ɗaya ya yi daidai da na galan ɗaya na fetur. Duka-duka ke nan kamar lita 35 na fetur ne. Kilomita 4,500 da lita 35 yana nufin kusan kilomita 130 a kowace lita, abin da ko babur ɗin haya ba ya yi. Da'awar ta faɗi tun kafin a zo kan tambayar inda wutar raba ruwan za ta fito.

Mutuwarsa

A watan Maris na 1998 Meyer yana cin abinci a wani gidan abinci a Grove City tare da ɗan'uwansa da wasu baƙi biyu masu sha'awar zuba jari, sai ya tashi a firgice ya fita waje yana riƙe da maƙogwaro. Ɗan'uwan ya ce kalmomin da ya faɗa su ne an sa masa guba. Ya mutu yana da shekara 57. 'Yan sanda sun yi bincike, jami'in binciken musabbabin mutuwa na gundumar Franklin ya duba gawar, aka tabbatar jijiyar jini ce ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Ba a samu shaidar kisa ba.

Magoya bayansa ba su yarda ba, kuma daga nan labarin ya koma na gwarzon da kamfanonin mai suka kashe don kada asirinsu ya tonu. Na fahimci abin da ya sa wannan labari ke shiga zuciya. Kamfanonin mai suna da tarihin da ya isa a yi musu mummunan zato, duk wanda ya san halin da yankin Neja Delta ke ciki ba sai an gaya masa ba. Sai dai zargin yana da gurbin da ba ya cikuwa. Takardar mallakar fasaha a buɗe take, sharaɗin samunta shi ne ka bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, kowa ya karanta. Takardun Meyer suna nan a intanet da zane-zanensu, wa'adin kariyarsu ya ƙare tuni, kowa na iya ƙera abin ba tare da ya biya kowa ba. Japan kusan duk man da take sha daga waje take sayowa. Indiya da Sin suna kashe maƙudan kuɗi kowace shekara wajen shigo da ɗanyen mai, kuma suna da injiniyoyi ba iyaka. Babu kamfanin mai da ya isa ya hana gwamnatin Sin ƙera motar ruwa da a ce tana yiwuwa. Shekaru sun wuce ashirin da biyar, babu wadda ta fito.

Daga motar ruwa zuwa kwalbar gaban mota

Waɗanda suka zo bayan Meyer sun koyi darasi daga faɗuwarsa, sai suka rage da'awar. Ba su ce a zubar da fetur ba, cewa suke a taimaka masa. Kayan da suke sayarwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: kwalba ko ɗan akwati mai farantan ƙarfe mara tsatsa, ruwa da aka zuba wa soda don wuta ta ratsa shi, wayoyi zuwa batir, da tiyo mai kai iskar cikin bututun da inji ke shaƙar iska. Sukan kira iskar HHO, wasu su ce iskar Brown, da sunan Yull Brown, wani ɗan asalin Bulgeriya da ya zauna a Ostireliya ya yi rajistar irin wannan na'ura a shekarun 1970. Kasuwar ta fi bunƙasa a 2008, lokacin da galan ɗin fetur ya haura dala 4 a Amurka.

Wannan ƙaramar da'awa ta fi wuyar ƙaryatawa da baki, don haka gara a bi ta da alƙaluma. A ɗauki kwalba mai kyau da ke jan amfiya 20 daga batirin mota, wato wajen wat 280. Bisa ƙa'idar Faraday, in an jera farantanta yadda ya kamata, za ta ba da iska kusan lita ɗaya a minti. Inji mai lita 2 da ke juyi 2,000 a minti yana shaƙar ɗaruruwan lita na iska a wannan mintin, har ya kusa 2,000 in an taka totur sosai. Gudummawar kwalbar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin 100 ba. Zafin da wannan lita ɗaya za ta bayar in ta ƙone bai wuce wat 140 ba, rabin abin da aka zuba mata.

Wat 280 ɗin ma daga tankin mai suke fitowa. Masu talla sukan ce altaneta, na'urar da ke cajin batir, tana da rarar wuta da ke tafiya a banza. Duk bakanike ya san ba haka ba ne, domin da zarar an kunna manyan fitilu da fanka a mota tana tsaye, ana jin sautin inji ya sauya, nauyi ya hau kansa. Altaneta kusan rabin ƙarfin da inji ya ba ta take mayarwa lantarki, shi kuma injin fetur kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin mai yake mayarwa juyi, sauran ya tafi a zafi ta salansa da lagireto. In an bi lissafin baya-baya, samar da wat 280 yana cin fetur na wajen wat 2,000. An kashe 2,000 an karɓo 140. Asarar ba ta da girma idan aka kwatanta da abin da mota ke sha a kan hanya, shi ya sa direba ba ya lura da ita, amma dai asara ce.

Akwai hujja ɗaya da masu sayarwa ke riƙewa wadda ke da ƙamshin gaskiya, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. A 1977 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da rahoton gwajin da aka yi a cibiyarta ta Cleveland, a cikin jihar Ohio ɗin dai, inda aka gauraya haidurojin da fetur a babban injin mota. An gano haidurojin yana sa wuta ta bazu da sauri, inji ya iya aiki da gauraye mai ƙarancin fetur. Wannan gaskiya ne. To amma haidurojin ɗin da suka yi amfani da shi ya ninka abin da kwalba ke bayarwa sau da yawa, kuma ba daga batirin motar suka samo shi ba. Haka nan cewa da ake yi wai inji yana zubar da yawancin fetur bai ƙone ba, ba daidai ba ne. Injin zamani mai lafiya yana ƙone kusan duk man da ya shiga cikinsa, matsalarsa zafi ne ke tsere masa, kuma kumfar kwalba ba ta da maganin wannan. Motoci masu amfani da haidurojin na gaske suna nan, kamar Toyota Mirai da ta fito a 2014, amma su haidurojin ake ɗura musu a tanki, ruwa ya fito ta baya.

To me ya sa ake samun direbobi masu rantsuwa da Allah cewa sun ga sauƙi? Ba na jin ƙarya suke yi. Mutumin da ya kashe kuɗi a kan na'ura yakan fara tuƙi a hankali, ya daina taka totur da ƙarfi, ya riƙa lura da allurar mai, kuma wannan kaɗai yana rage shan mai ƙwarai. Sau da yawa ranar ɗaura kwalbar ce ake canza fulogi da matatar iska, a ƙara wa taya iska. Sannan wasu masu ɗaurawa suna haɗawa da wata 'yar na'ura da ke yaudarar ma'aunin oksijin na salansa, kwamfutar mota ta rage fetur ɗin da take fesawa. Nan kam mai yana iya raguwa kaɗan, amma da kwalba ko babu kwalba zai ragu, kuma inji ne ke biya: yana ƙara zafi, hayaƙinsa ya ƙara guba, bawul da fistin su gaji da wuri. Ga kuma tururin soda da ke bin tiyo yana cin sassan alminiyon, ga haɗarin ajiye haidurojin gauraye da oksijin kusa da inji mai zafi, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa kwalbar.

Hukuma ta sake shiga maganar a farkon 2009, lokacin da hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka, FTC, ta kai wani mai suna Dennis Lee da kamfaninsa Dutchman Enterprises kotu. Na'urarsu ana sayar da ita wajen dala 1,000, an yi ta tallarta a manyan mujallu da alƙawarin ƙarin tafiya na aƙalla kashi 50 cikin 100. An kammala shari'ar a 2011 da hukuncin biyan fiye da dala miliyan 2 da kuma hana su ci gaba da wannan da'awa. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta gwada na'urorin rage shan mai fiye da 100 a tsawon shekaru, ba ta samu wadda ta kawo sauyi na a-zo-a-gani ba. A Pakistan ma a 2012 wani Agha Waqar Ahmad ya fito da tasa na'urar ruwan, ministoci suka yaba masa a talabijin, sai da masana irin su Pervez Hoodbhoy suka fito suka yi ta bayani kafin ƙurar ta lafa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taso ne a lokacin da mai ya yi tsada, kuma nan ne abin ya shafe mu. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Direban tasi ko mai Keke Napep da rabin cinikinsa ke ƙarewa a gidan mai, in ya ga bidiyon kwalba tana kumfa a Facebook ko TikTok, ba wauta ce ke jan sa ba, matsi ne. Shi ne kuma wanda asarar za ta fi yi wa ciwo, domin kuɗin na'urar daga bakin iyalinsa zai cire su, in inji ya lalace kuma sana'ar ce gaba ɗaya ta tsaya. Komawa gas na CNG da ake ta yi yanzu wani abu ne daban, domin shi gas makamashi ne da ke ɗauke da ƙarfinsa tun daga ƙarƙashin ƙasa, ko da yake shi ma yana da nasa matsalolin na kuɗin juyawa da ƙarancin wuraren ɗurawa.

Wanda aka kawo wa irin wannan kwalba yana iya neman gwajin da Meyer ya guje wa, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. A cika tanki har baki a famfo ɗaya, a yi tafiya mai nisa a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, a dawo a sake cikawa a rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka yi. A maimaita sau da dama, wani zubin kwalbar tana kunne, wani zubin tana kashe, kuma wani mutum daban ne zai riƙa kunnawa da kashewa ba tare da direban ya sani ba, don kada ƙafarsa ta sauya a kan totur. Kada a taɓa fulogi, ko taya, ko ma'aunin salansa a tsakanin tafiye-tafiyen. Kuɗin na'urar kuma su zauna a hannun wani amintacce da ɓangarorin biyu suka yarda da shi har sai an kammala lissafi.